Hannun Lebura Amana Ne: Nasiha Ga 'Yata Kan Sa Kanula

'Yata, labari ya iso mini cewa an ɗauke ki aiki a ɗan asibitin wani kamfani da ke Challawa. Na yi murna ƙwarai, Allah Ya sanya albarka, Ya sa ki fara a sa'a. Mahaifiyarki ta ce kina ɗari-ɗari, wai a can ba kullum likita ke zuwa ba, kuma babu babbar sista da za ki kira in abu ya cije. Haka ne, shi ya sa ma na zauna na rubuto miki wannan. Cikin duk abin da hannunki zai yi a ɗakin nan, sa kanula a jijiya ne zai fi gwada ki. A ido ƙaramin aiki ne, minti biyu ko uku, amma a kansa ake ɗora ƙarin ruwa da ƙarin jini da maganin gaggawa, kuma sau da yawa shi ne sanadin da Allah ke tsirar da rai da shi.

Ki fara sanin irin hannuwan da za ki riƙa kamawa, don sun bambanta da waɗanda kika saba da su a ɗakin haihuwa da ɗakin yara lokacin koyon aiki. Bompai ce ta girmi sauran unguwannin masana'antu na Kano, tun ƙarshen zamanin Turawa ake kafa injina a cikinta. Sharada ta biyo baya da rukunanta uku. Challawa kuwa, can ƙasar Kumbotso wajen Panshekara, da kamfanonin jimar fata ta yi suna. Kamfanoni da yawa sun rufe saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje, amma waɗanda suka rage har yau suna ciyar da dubban gidaje: masu narka roba a yi bokiti da tabarma da silifa, masu tatsar man gyaɗa, majema, masu dakon buhuna. Hannun waɗannan bayin Allah ya sha wuya. Fata ta yi kanta ta yi kauri, wani rini ya kama tasa, na majema kuwa farar ƙasa da gishirin kurom sun busar da ita har ta tsattsage. Kuma ba da sanarwa suke zuwa ba. Wani inji ya ɗauke masa yatsu, wani narkakkiyar roba ta zubo masa, wani ya yanke jiki ya faɗi kusa da tukunyar tururi a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 ko a inuwa. In damina ta sauka kuma, ga amai da gudawa.

Hannun nan da za ki huda shi ne jarin mai shi. Da yawansu aikin kullum suke yi, ranar da ba su fito ba babu kuɗin cefane. In kika fasa wa mutum jijiya hannu ya kumbura, ko kika taɓa jijiyar laka yatsunsa suka mace, kin taɓa abincin iyalinsa ke nan. Don haka ki sa a ranki huda ɗaya za ki yi, a wurin da ya dace. Huda ɗayan nan kuwa shiri ne ke kawo ta, domin kusan dukkan aikin ana gama shi ne kafin allura ta taɓa fata.

Farkon shirin tambaya ce: anya mutumin nan yana buƙatar kanula kuwa? Mutanenmu suna ƙaunar ƙarin ruwa. Mutum zai shigo da gajiya kawai ya ce, "Sista, a taimaka a sa mini leda ɗaya in ji ƙarfi," har ma ya fi so a zuba maganin nan da ke mai da ruwan rawaya, saboda wasu masu kemis a unguwa sun saba musu da haka. Kada ki gwasale shi. Ki auna hawan jininsa da bugun zuciyarsa, ki dubi harshensa da idanunsa. In yana iya sha, kuma amai bai hana ruwa zama ba, haɗin gishiri da sukari na ORS, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya fi masa aminci. Ki gaya masa gaskiya cewa ledar rabin lita ta ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100, giram 25 na sukari kaɗai ke cikinta, kuma karin kumallo mai kyau ya fi ta ba da ƙarfi. Kowace kanula hanya ce da ƙwayar cuta za ta iya bi daga fata zuwa jini, bai kamata a buɗe ta don biyan sha'awa ba.

Amma ranar da ake buƙatarta, babu abin da ke tsaya mata. A 1832, lokacin da kwalara ke ɗibar mutane a garin Leith na ƙasar Sikotilan, wani likita Thomas Latta ya ɗura wa waɗanda suka galabaita ruwan gishiri ta jijiya, ya ga wasu da aka fitar da rai da su sun buɗe ido. Irin kanular roba da ke lulluɓe da allura, wadda za ki riƙa amfani da ita, sai a 1950 David Massa ya fito da ita a asibitin Mayo na Amurka. Kafin nan allurar ƙarfe ake bari a jijiya, majiyyaci na motsawa ta huda bango. Cutar da ta sa Latta ya fara wannan aiki har yanzu tana ziyartarmu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babban mutum da kwalara ta busar sosai a ba shi mililita 100 na ruwan Ringa a kan kowane kilo na nauyinsa, 30 daga ciki a rabin sa'ar farko. Ki lissafa: mai kilo 60 zai sha lita 6, kusan biyu daga ciki cikin minti talatin, wato mililita 60 kowane minti.

Wannan lissafi ne zai koya miki zaɓen girma. Kin san lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce ta fi faɗi: ruwan lemo 14, ruwan toka 16, koriya 18, ruwan hoda 20, shuɗiya 22, rawaya 24. A jikin takardar kowace an rubuta yawan ruwan da take wucewa da shi a minti, ki riƙa karantawa. Ruwan toka takan kai wajen mililita 180, koriya wajen 90, ruwan hoda wajen 60, shuɗiya kuwa da ƙyar ta wuce 35. Ashe in kika sa wa mai kwalaran nan shuɗiya, da wuya ki cim ma abin da jikinsa ke nema. Wani likitan Faransa, Poiseuille, ya nuna tun ƙarni na 19 cewa a lissafi in aka ninka faɗin bututu sau biyu, gudun ruwa cikinsa yana ninkuwa sau 16, tsawo kuwa rage shi yake yi. Don haka ga mai zubar jini, ko mai babbar ƙuna, ko wanda ruwan jikinsa ya ƙare, gajeruwa mai faɗi ake so, 16 ko 18, in hali ya yi guda biyu, ɗaya kowane hannu. Ga wanda magani kawai za a ba shi, 20 ko 22 ta fi tausaya wa jijiya, domin jini na samun wurin wucewa ta gefenta yana tsarma maganin. Babbar kanula a ƙaramar jijiya kumburi take kawowa.

Sai shi kansa majiyyacin. Ki kwantar da shi, ko da ya ce zai iya a zaune. Ƙato mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa yakan sume da ganin allura, kuma ba abin kunya ba ne. Ki yi masa magana yadda ya dace da shekarunsa. Tsaran mahaifinki ki ce masa Baba, saura Malam. "Sannu, Malam. Zan ɗaure maka hannu, za ka ji tsini sau ɗaya, ka yi bisimilla, kada ka fizge." Tsoro yana tsuke jijiyoyi, kalma mai daɗi tana sake su, wannan abu ne da za ki gani da idonki. Ki tambaye shi da wane hannu yake aiki, ki nemi ɗayan. Ki tambaye shi ko an taɓa sa masa ruwa, a ina aka samu, don mai jiki ya fi kowa sanin jikinsa. Ki naɗe hannun riga iya inda ake buƙata, ki kori 'yan kallo, abokan aikin da suka kawo shi su jira a waje sai guda ɗaya. Ki tanadi tocila mai caji a aljihun tebur, kada ki dogara da wutar kamfani. Kayanki duka su kasance jere kafin ki fara: kanula biyu, maɗauri, auduga da sifirit, sirinji cike da ruwan gishiri na asibiti, filasta a yanke, kwalin zubar da allura kusa da hannunki. In leda za ki rataya, ki fitar da iskar da ke cikin igiyarta tun da wuri. Sannan ki wanke hannu da sabulu.

Yanzu neman jijiya, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Hotunan littattafan da kuka karanta yawanci hannuwan fararen fata ne, jijiya shuɗiya ɓaro-ɓaro. A hannun ɗan Challawa da ya sha rana da rini ba za ki ga haka ba. Yatsa ne zai gane miki. Ki ware yatsa ɗaya, manuniyar hannun da ba ki riƙe allura da shi, ki riƙa lalube da ita kullum har ta goge. Ki danna a hankali ki saki, kina tafiya a gicciye daga wannan gefen hannu zuwa wancan. Jijiya mai kyau za ki ji ta kamar ɗanyen ganyen albasa: ki danna ya lotsa, ki saki ya taso. Abin da kika ji ya yi tauri, yana motsi in mutum ya motsa yatsunsa, agara ce, ki bar ta. Wadda ke harbawa ƙarƙashin yatsanki jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce, ita ma ki ƙaurace mata. Wadda ta sandare tana mirginawa tsohuwar jijiya ce da allurai suka kashe. In kin samu mai kyau, kada ki tsaya nan, ki bi ta da yatsa ki san inda ta dosa, ki tabbatar tana da miƙaƙƙen wuri da ya kai tsawon kanular. Ki lura da ƙananan ƙulli-ƙulli a jikinta, murafen da ke hana jini komawa baya ne, waɗanda William Harvey ya nuna aikinsu a ɗaurarren hannu cikin littafinsa na 1628. In kanula ta ci karo da su takan tsaya, don haka ki shiga ta gabansu. Inda jijiya biyu suka haɗe suka zama ɗaya wuri ne mai kyau, ba ta cika zillewa ba. Ki riƙa gwada wannan lalube a hannun 'yan gida da daddare, ido rufe, ba tare da allura ba. Ni a ganina babu darasin aji da ya kai wannan amfani.

Wurin da na fi so miki shi ne sangalin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Ƙashi yana tallafe kanula a nan, ba ta lanƙwashewa, mutum yana iya cin abinci da hannunsa. Akwai babbar jijiya da ke hawa ta ɓangaren babban yatsa, akwai wata ta ɓangaren ƙaramin yatsa da ke ɓuya a bayan sangali, wadda mutane ke mantawa da ita, alhali a hannun lebura takan yi ɓul-ɓul. Ki fara daga ƙasa ki hau sama, domin in kika fara fasa ta sama, ruwan da kika sa a ƙasa zai riƙa tsiyaya ta wancan rami. Bayan hannu yana da sauƙin gani, amma ya fi zafi, fatar ma'aikaci a nan ta fi kauri da datti, kuma kanula ba ta daɗewa. Lanƙwasar gwiwar hannu ki ajiye ta don gaggawa, lokacin da faɗi da sauri suka fi komai, ki kuma tuna cewa a gefenta na ciki babbar jijiya mai harbawa tana nan kusa. In kika ga jini jajawur yana fitowa da tsalle, ki zare, ki danne wurin da ƙarfi aƙalla minti biyar. Cikin wuyan hannu kada ki kusance shi ko da jijiyoyin suna kiranki. Haka ma gefen babban yatsa dab da wuyan hannu, jijiyar laka na kwance a wurin, ki haura sama da faɗin yatsu uku. Duk lokacin da mutum ya ce ya ji abu ya ja shi har yatsu irin na wutar lantarki, ki zare nan take, kada ki ce masa ya daure. Kada ki sa a hannun da ya ji rauni, ko fatar da ta ƙone ko ta tsage, ko ɓarin da ya shanye, ko hannun da aka yi wa aiki don wankin ƙoda, ko ƙafar mai ciwon sukari.

Maɗauri ki sa shi kamar faɗin yatsu huɗu sama da inda za ki huda. Ya matse yadda zai tare jinin da ke komawa, amma ki ci gaba da jin bugu a wuyan hannu. In bugu ya ɓace kin tare mai shigowa ma, jijiya ba za ta cika ba. Kada ya wuce minti biyu, in ba ki gama nema ba ki sassauta ki sake. In jijiya ta ƙi tasowa, ki sauke hannun ƙasa da gado, ya dunƙule ya buɗe 'yan lokuta, ki shafa ta daga sama zuwa ƙasa da tausasawa. Marin hannu da wasu ke yi ba ya ƙara komai sai zafi da tsoro. Lokacin hunturu, musamman ga masu aikin dare a Disamba da Janairu, jijiyoyi kan shige ciki saboda sanyi. Ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ki naɗe hannun minti biyar zuwa goma, za ki sha mamaki. Abin awon hawan jini ma yana yin aikin maɗauri da kyau, in kika hura shi kaɗan.

Hannun da ya fito daga majema ko ɗakin inji, sifirit kaɗai bai ishe shi ba. In lokaci ya bari, ki fara wanke shi da ruwa da sabulu ki tsane. Sannan ki goge da sifirit mai ƙarfin kashi 70, ko mai haɗe da kulohezidin in akwai, ki dirza kamar daƙiƙa 30, ki bar shi ya bushe da kansa. Kada ki hura da baki, kada ki fifita. Bushewar nan ce ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma huda a jiƙaƙƙen sifirit raɗaɗi take yi. In kin goge, kada yatsa ya koma wurin. Ki riƙe alama da ido tun farko, wani tabo ko gashi da ke kusa. Ki sa safar hannu da ta yi miki daidai, kada kuma ki yanke kan yatsanta don ki ji jijiya.

To, ga hudar. Da babban yatsan hannunki na hagu ki ja fata ƙasa, ɗan nesa da inda za ki shiga, ki riƙe ta a miƙe, kada ki saki har ki gama. Rabin jijiyoyin da ake cewa sun gudu, rashin wannan riƙo ne. Ki riƙe kanula fiƙaƙƙen bakin allurar yana kallon sama, ki kwantar da ita kusa da fata, tsakanin digiri 10 zuwa 30, gwargwadon zurfin jijiyar. Fata mai kanta tana son ki ratsa ta da niyya ɗaya, amma da zarar kin wuce ta sai ki rage gudu, don jijiya na nan kusa fiye da yadda ake zato. Idonki na kan ɗan ma'ajin da ke gindin allura. Jini na leƙowa, ki tsaya. A nan ne yawancin masu koyo suke rasa jijiyar da suka riga suka samu, saboda murna ta sa su tura roba nan da nan. Bakin allura ya ɗan fi robar tsawo, don haka lokacin da jini ya leƙo, ƙarfe ne kaɗai ya shiga, roba tana waje. Ki ƙara kwantar da allurar har ta kusa shafar fata, ki matsa gaba milimita biyu ko uku, a babbar kanula ki ɗan ƙara. Sannan ki tsai da allurar cak, ki zura robar ita kaɗai. Za ki ga jini ya biyo cikin robar, kuma ta tafi sumul. In ta cije kada ki tilasta. Wani lokaci murfin jijiya ne, in kika zare allura kika tura ruwan gishiri kaɗan-kaɗan sai ta wuce da shi. A mutumin da ruwan jikinsa ya ƙare, jinin kan yi jinkirin leƙowa, ki ba shi daƙiƙa biyu kafin ki yanke hukuncin kin kuskure.

Abu ɗaya kuma na haramta miki har abada: allurar da kika ja baya, kada ki sake mai da ita cikin robar. Bakinta na iya yanke guntun roba ya bi jini ya tafi.

Roba na shiga, ki kwance maɗauri, ki danne jijiya a gaban bakin kanular, ki zare allura ki jefa ta kwali kai tsaye. Ki tura ruwan gishiri na asibiti mililita 5 zuwa 10, yatsanki ɗaya a kan jijiyar. In ya tafi ba tirjiya, ba kumburi, ba zafi, kin samu. In wurin ya fara tasowa ko ya yi sanyi, tana waje, ki cire. Kada ki ce bari a gani, musamman in za ki ba da ruwan sukari mai kashi 50, wanda in ya zuba a nama yakan cinye shi. Wajen liƙewa ki tuna mutanenki masu gumi ne. Ki tsane fata sosai, gashi ki rage shi da almakashi maimakon reza, ki kafe fukafukan kanular, ki bar inda ta shiga a bayyane don ki riƙa dubawa, ki lanƙwasa igiyar ruwa ki liƙe ta daban yadda in an fizga ba za ta tumɓuke kanula ba. Ki rubuta rana da lokaci a jikin filasta.

In kika gwada sau biyu ba ki samu ba, ki dakata. Ki nemi wani hannun in akwai, in babu ki tura shi gaba. Jijiyoyin da za ki ɓata a gwaji na uku da na huɗu su ne waɗanda za a nema a babban asibiti, inda suke da na'urar hoto ta ganin jijiya da wasu hanyoyin da ba ki da su. A gaggawa kuma ki san abin da ke gaba da wani. Mai zubar jini, danne rauni ya riga kanula. Wanda aka ciro daga ramin ruwan majema ya shaƙi iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, numfashinsa ne farko. Daga Challawa zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano tafiya ce, ga cunkoso, har gara na Bompai da Asibitin Nasarawa ke kusa da su. Don haka kada ki cinye rabin sa'a kina neman jijiya mota tana jira a ƙofa. Wanda inji ya murƙushe wa hannu, Asibitin Ƙashi na Dala ne gidan maganinsa. In yatsa ya cire, ki naɗe shi da gauz mai damshin ruwan gishiri, ki sa a leda ki ɗaure, ki ɗora ledar a ruwan ƙanƙara, ya tafi tare da mai shi. Ki haɗa da takarda: lambar kanula, lokacin da aka sa, irin ruwan da yawansa.

Wanda ya kwanta a wurinki, ki riƙa leƙa kanularsa kamar yadda kike leƙa fuskarsa. Ja, zafi, kumburi, ko jijiya ta yi tauri, duk alamar a cire ne. Dā an koya mana a canza kowace kanula bayan kwana uku zuwa huɗu. Wani babban bincike da aka yi a Ostireliya kan majiyyata 3,283, aka buga a mujallar Lancet a 2012, ya nuna kumburin jijiya kashi 7 cikin 100 ne, ko an canza bisa kwanaki ko an bari sai alama ta nuna. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne dubawa ta fi kalanda. Wadda aka sa cikin gaggawa ba tare da cikakkiyar tsabta ba kuwa, a canza ta kafin awa 48. Ki kula da gudun ruwa ga dattawa, irin su masu gadin ƙofa da ke fama da hawan jini, in numfashi ya fara sama-sama ki rage nan take. Wata rana mai kula da ma'aikata zai zo ya ce a sallami mutum ya koma bakin inji da kanula a hannu, a ƙarasa allurai gobe. Ki ƙi cikin ladabi. Ƙurar roba da ruwan majema ba su da haɗi da buɗaɗɗiyar jijiya. Da azumi kuma za ki gamu da wanda ya galabaita amma yana ƙin ruwa. Kada ki yi masa fatawa, kada ki yi masa faɗa, ki gaya masa halin da jikinsa ke ciki ƙarara, ki tuna masa addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Ke ma amana ce a wurinmu, 'yata. Allurar da ta fito daga jikin mai ciwon hanta nau'in B, in ta soki wanda ba shi da rigakafi, haɗarin kamuwa na iya kai kashi 30 cikin 100. Na ƙanjamau wajen 3 ne cikin 1,000. Kin kuma san a farkon 2020 zazzaɓin Lasa ya ɗauke mana likitoci a nan Kano. Kada ki taɓa mai da murfi kan allurar da aka yi aiki da ita, kada ki ajiye ta a kan katifa. In tsautsayi ya sa ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, ki tafi babban asibiti ranar nan, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwamma a awannin farko.

Kafin ki kama aiki ina roƙonki abu biyu. Ki je ki karɓi rigakafin ciwon hanta, ki cika allurai ukun. Ranar farko kuma ki buɗe kabad ɗin asibitin ki ƙirga abin da ke ciki, in babu kanula 16 da 18, da ruwan Ringa, da kwalin zubar da allura, ki rubuta wa hukumar kamfanin takarda a ranar, ki ajiye kwafi, ki bi sawu har su saya. Ki gaida mahaifiyarki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.